Hannun Misbahu na Dama

Ranar Asabar da azahar aka kawo mini gawar Misbahu a bayan mota, an lulluɓe shi da bargon wani. Bayan la'asar muka kai shi makwancinsa. Ɗan ƙanena ne. Ubansa ya rasu yana rarrafe, uwarsa ba ta daɗe ba ta bi shi, ni na raine shi a gidanmu na nan bayan Kusugu. Ni na koya masa riƙe basilla da yankan fata kafin ya bar mini dukancina ya tafi ya zama malamin firamare, ni kuma na yi masa aure. Ya bar matarsa Saudatu da 'yarsu Lubna, wadda ko yaye ba a yi mata ba. Babu wani babba da ya rage a gidan sai ni. Saboda haka duk maganar da za a yi a kan jininsa, ko a yafe ko a ƙi, daga bakina mutane za su ji ta.

Hawan keken nan da yake yi da 'yan ƙungiyarsu ban taɓa sonsa ba, har gobe kuma ba na so. A zamaninmu mutum yana hawa keke ne don yana da wurin zuwa. Na sha ɗaure fatu a bayan nawa in kai kasuwar Mai'aduwa, in dawo da gishiri da kanwa. Waɗannan kuwa sai su matse jikinsu cikin wando kamar an ɗura su a ciki, su kifa hular kwano, su yi ta gudu daga safe har yamma, su dawo inda suka tashi ba su sayo ko allura ba. Na sha gaya masa. Sai ya yi dariya ya ce, "Baffa, lafiya muke sayowa."

Amma gaskiya ɗaya zan faɗa, yaron bai ɗauki abin da wasa ba. Shi ne jagoransu, shi ke shiga gaba. Wata rana yana shafa wa sarƙa mai a tsakar gida ya yi mini bayani, ba don na tambaye shi ba. Ya ce idan sun ja layi, tayar wannan kusan tana taɓa ta wancan, don na gaba ya tare wa na baya iska. Na baya ba ya ganin hanya, bayan ɗan'uwansa kawai yake gani. Na gaba shi ke gani wa kowa. In ya hango rami ko dutse ko akuya, sai ya nuna da hannu ya ɗaga murya, na bayansa ya nuna wa na bayansa, har maganar ta kai ƙarshen layi.

"Shi ya sa ba kowa ake sakawa gaba ba, Baffa," in ji shi. "Na gaba in ya yi shiru, ya kashe mutane."

Na ce masa in ya gama surutunsa ya matsar mini da keken daga hanya.

Tafiyar da ta ci shi doguwa ce. Su fita Daura da sassafe, su bi ta Zango da Baure, su wuce Babban Mutum, su zagayo ta Kazaure su dawo gida. Yadda abin ya faru kuwa a maƙabarta na fara ji, daga bakin Alhaji Nu'uman, wanda suke kira uban ƙungiya. Babban dillalin takin zamani ne, shi ke ɗinka musu riguna, motarsa ce kuma ke bin su da ruwa da kayan gyara. Ya kama hannuna da hannayensa biyu, yana ƙamshin turare.

"Baba Kabo, sai haƙuri. Wani baƙauye ne kafin a shiga Babban Mutum ya shanya gyaɗarsa a kan kwalta, ya jera duwatsu don kada mota ta taka masa. Marigayi ya zo a guje ya daki dutse, ya faɗi a kan wuyansa. Ka san yaran nan da gudu. Amma kada ka damu, na sa an kama mutumin."

Na ce an gode.

Ya ce ranar sadakar uku manyan ƙauyen za su kawo shi ya roƙi gafara. Hukuma ta ce abin da dangi suka faɗa shi za a bi. In mun yafe ya koma gonarsa, in ba mu yafe ba magana ta tafi kotu.

A ranar nan da za a ba ni manomin da na shaƙe shi. Na san halin nan sarai. Da kaka ta kama, daga nan har Baure titi ya zama masussuka, wannan ya baza gyaɗa, wancan barkono, kowa ya jera duwatsunsa kamar hanyar gadon ubansa ce. Na ce a raina babu wani yafewa, ya je can ya yi bayani.

Sai dai akwai maganar Alhaji guda ɗaya da ta tsaya mini a rai ta ƙi wucewa. Ka san yaran nan da gudu. Kafin gari ya waye maganar ta zagaye unguwa. Masu zuwa gaisuwa su zauna a tabarmata, su sha ruwana, su sunkuyar da kai su ce wa juna ai ganganci ne, ai babba da shi har da 'ya yana tsere a titi. Ni kuwa na san yaron da na raina. Mutumin da ke hango ƙusa a ƙasa ya tsaya ya tsince ta don kada wani ya taka, shi ne zai kasa ganin duwatsu kamar tukwane, da hantsi, rana tarwai?

Washegari abokinsa Hafizu ya zo. Shi ma ɗan ƙungiyar ne, yana da shagon magani a bakin tasha, tare suka taso da Misbahu. Ya zauna can ƙarshen tabarma, ya ƙi kallon inda nake. Kowa ya zo sai ya matso ya yi mini gaisuwa ido da ido, shi kuwa yana ta tsinkar zaren tabarma. Bayan azahar da mutane suka ragu na ce masa ya biyo ni shagona. Na tura ƙyaure.

"Hafizu, wa ke gaba?"

"Na'am, Baba?"

"Kurma ka zama? Lokacin da ya faɗi, wa ke gaban layi?"

Ya dubi fatun da ke rataye, ya dubi ƙasa.

"Baba, an riga an yi, Allah ya jiƙansa."

"Amin. Wa ke gaba?"

"Alhaji ne."

"Wane Alhajin?"

"Alhaji Nu'uman."

Na zauna a kan kututturen da nake dukan fata. Na ce, "Mutumin nan da tumbinsa ke riga shi shiga masallaci, shi ya tuƙo keke daga Daura har Babban Mutum?"

"A'a, Baba. Ba ya tuƙa hanya. A mota yake zama, kekensa a ɗaure a sama. In mun kusa shiga gari sai a tsaya a sauko masa da shi, ya shiga gaba, mutanen gari su gan shi yana jan mu. In mun fita garin ya koma mota."

"Kullum haka kuke yi?"

"Tun bara."

"Misbahu ya yarda da wannan?"

"Ya taɓa magana a taro. Ya ce Alhaji ya riƙa shiga tsakiya, a kewaye shi, ya fi masa aminci. Aka yi masa caa, wai ba shi da kunya, ina aka taɓa ganin yaro ya shiga gaban babba a idon jama'a. Sai ya yi shiru."

"Ku da kuka yi masa caa, har da kai?"

"Ni ban ce komai ba."

"Na ga alama. Ci gaba."

Ya share fuska da hularsa. Ya ce Alhaji ba ya iya riƙe gudu ko na ɗan lokaci, numfashinsa sai ya ɗauke, layi ya cakuɗe, yaran gari su fara dariya. Don a rufa masa asiri, Misbahu ke matsowa dab da shi ta hagu, ya dafa masa baya da hannun dama yana tura shi, hannu ɗaya a kan keke. Daga nesa sai a ɗauka dafa shi ya yi irin na girmamawa. Ran nan mutane sun fito bakin hanya kallo, Alhaji yana ta ɗaga musu hannu. Bai ga duwatsun ba sai da ya zo kansu. Bai nuna ba, bai yi magana ba, sai kawai ya karkato hagu, ya shiga gaban Misbahu.

"Da ya miƙe, Baba, da ya kwashe Alhaji sun zube tare. Sai ya karya kan keken dama, da hannu ɗaya. Ga dutsen nan."

Ina jin mata a cikin gida suna dakan gumbar sadaka.

"To, labarin gudu fa, daga ina ya fito?"

"A hanyar dawowa Alhaji ya tara mu. Ya ce a yi magana ɗaya, don kada sunan ƙungiya ya ɓaci. Baba, don Allah kada ka ce ni na faɗa. Yayana 'yarsa yake aure."

"Tashi ka ba ni wuri."

"Baba..."

"Ba zan ambaci sunanka ba. Ba don kai ba, don Misbahu. Tashi."

Da safen ranar uku na shiga cikin gida. Saudatu tana ɗakinta a kan tabarmar takaba, mata sun kewaye ta. Na yi gyaran murya a bakin ƙofa na ce su ɗan ba mu wuri. Ban shiga ba, a dokin ƙofa na tsaya. Ta ja mayafi ta rufe fuska, Lubna tana barci a cinyarta. Tunda aka kawo ta gidan nan ba mu taɓa yin magana ta wuce gaisuwa ba.

Na ce mata, "Yau za a kawo mutum ya roƙi gafara. Bakina za a ji, amma hakkin naki ne da yarinyar nan. Kafin ki ce komai, ga abin da na ji." Na gaya mata duka, ban rage ba.

Ba ta yi kuka ba. Ta ce a hankali, "Na san da turawar, Baffa."

"Kin sani?"

"Duk ranar da suka dawo sai na shafa masa man zafi a kafaɗar dama. In na tambaye shi sai ya ce buhun gero ya turo daga Zango." Ta yi wata 'yar dariya da ta karye a tsakiya. "Jiya wata ta zauna nan inda kake kallo ta ce mini da na hana shi wasan yara da yanzu yana raye."

"Me kike so in faɗa musu?"

Ta gyara wa yarinyar kwanciya. "Ni ba na son a ɗaure kowa, ba na son diyya. Duk wanda ya zo ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, a gaban mutanen da suka ji an ce mijina ganganci ya yi, na yafe masa. Wanda bai faɗa ba, ban san me zan yafe masa ba."

Na ce to. Da ni kaɗai ne da maganar ta fi haka zafi, amma tata ta fi tawa daidai, sai na ɗauka.

Da hantsi ƙofar gida ta cika, tabarmi har bakin kwata. Alhaji Nu'uman ya iso da 'yan ƙungiyarsa, an shimfiɗa masa darduma kusa da Liman, direbansa ya ajiye masa gorar ruwa mai sanyi a gefe. Ba a jima ba mutanen ƙauye suka sauka daga wata tsohuwar mota, mai garinsu a gaba. A bayansu wani siririn mutum ne mai furfura jefi-jefi, rigarsa ta kwana biyu a jikinsa, ƙafafunsa duk faso. Shi ne Mainasara, mai gyaɗar. Bai hau tabarma ba. Ya cire takalmansa ya tsuguna a ƙasa a gabana.

Aka zagayo da gumba da ruwa. Da aka miƙa masa sai ya girgiza kai.

Na ce, "Abincin gidana ne ba ka ci?"

Mai garinsu ya amsa masa. "Azumi yake, Malam. Malamin garinmu ya ce tunda dutsensa ne sanadi, kaffara ta hau shi, wata biyu a jere. Tun a tsare ya fara."

Wata biyu, a tsakiyar kaka, mutumin da zai wuni a gona yana cirar gyaɗa. Na juya na dubi Alhaji. Ya ɗaga gorarsa yana sha, har ruwan yana gangarowa ta gemunsa.

Liman ya yi addu'a aka shafa. Mai gari ya yi magana doguwa, ya ce abin kunya ya same su, ya ce Mainasara ba ya faɗa da kowa, ya ce sun zo da kokon bararsu. Yana rufe baki Alhaji ya karɓa, ba wanda ya ba shi.

"Baba Kabo, mu a ƙungiyance mun riga mun yafe wa bawan Allahn nan. Jahilci ne, ba mugunta ba. Kai ma ka dubi girman Allah ka yafe. Kuma ina sanar da jama'a, tafiyar baɗi da sunan marigayi za mu yi ta, za a buga hotonsa a riguna."

Aka yi ta cewa madalla. Kowa ya zuba mini ido, ana jiran kalma biyun nan da aka saba, a tashi a watse.

Na ce, "Matarsa ta ba ni saƙo. Ta ce wanda ya faɗi abin da ya yi da bakinsa, ta yafe masa. Mainasara, me ka yi?"

Muryarsa a bushe take. "Na shanya gyaɗa a kan titi, ranka ya daɗe. Na jera duwatsu. Ni na ɗauko su da hannuna daga bakin rafi."

"Titin naka ne?"

"Ba nawa ba ne."

"Ba ka da ƙasa a bayan gidanka?"

"Akwai. Kwalta ta fi saurin busarwa, kuma kaji ba sa zuwa."

"Kaji. Don kaji kada su ci maka gyaɗa ka kafa wa 'ya'yan mutane tarko. Da mai babur ne da mace da goyo fa? Da dare ne fa? Kai da ire-irenka kun mai da hanya tsakar gidanku, in an yi magana ku ce haka kowa ke yi."

"Haka ne, ranka ya daɗe. Na yi laifi. A yafe mini."

Hawaye na bin fuskarsa, bai share ba. Na bar shi ya ɗan huce, sannan na ce, "Kana wurin lokacin da abin ya faru?"

"Ina tsaye a kan shanyar, ina juya ta."

"Me ka gani?"

Ya dubi mai garinsu. Mai gari ya dubi ƙasa.

"An ce kada in tsawaita magana."

"A ƙofar gidana kake. Ni na tambaye ka."

Sai ya ce, "Na ga sun taho a layi. Na gaba wani mai jiki ne, yana ɗaga wa mutane hannu. Marigayi yana gefensa, ya dafa masa baya yana tura shi. Na yi ta ɗaga musu tsintsiya, mai jikin bai ko dubi hanya ba. Da ya zo kan duwatsun sai ya kauce ya shiga gaban yaron."

"Hannun marigayi na dama yana ina?"

"A bayan mai jikin."

"Za ka gane shi in ka gan shi?"

Bai nuna kowa ba. Ya dai juya kansa kaɗan ya tsayar da ido a kan wasu takalma masu sheƙi da ke bakin darduma.



Alhaji ya gyara zama ya yi murmushi. "Baba Kabo, yau ranar addu'a ce. Mutumin da ya kwana biyu a tsare ba abinci, ai komai yana iya gani."

Liman ya sunkuyo wajena. "Malam Kabo, a bar wa Allah. Ƙaddara ta riga ta wuce."

Na ce, "Allah gafarta Malam, ƙaddarar na karɓe ta, da hannuna na sa shi a kabari. Ƙaryar da aka yi masa ce ban karɓa ba. Kwana uku ana zaune a tabarmata ana cewa ganganci ya kashe shi. 'Yarsa da ke cikin gida za ta girma a gaya mata ubanta wasa ya je yi ya mutu. Wannan ba ƙaddara ba ce, mutum ne ya zauna ya shirya ta." Na juya wajen 'yan ƙungiyar, sun jeru da fararen kaftani kamar masu ɗaurin aure. "Ku kuma kuna bayansa, idanunku a buɗe. Baƙauyen nan ƙarya yake yi?"

Ban dubi Hafizu ba, na yi masa alkawari. Ina kallon bango ne na ji muryarsa.

"Ba ƙarya yake ba, Baba." Ya taso ya zo ya tsuguna kusa da Mainasara. "Mu muka sa Alhaji a gaba, mun san bai iya ba. Misbahu ya yi magana muka bar shi shi kaɗai. Da ya rasu kuma muka yarda aka ce gudu ne. Abin da muka yi ke nan."

Wani ya taso ya tsuguna, sai wani. Ba dukansu ba. Wasu sun zauna suna latsa waya kamar an aiko musu da saƙon gaggawa.

Na ce, "Alhaji, saura kai."

Murmushin ya tafi. Ya ce, "Baba, ni mutum ne mai son zaman lafiya. Kowa ya san abin da na yi wa yaran nan. Amma idan har akwai wani kuskure daga ɓangarena, to, ɗan'adam ajizi ne, a yi haƙuri."

"Babu idan a saƙon da aka ba ni. Mainasara bai ce idan ba. Me ka yi?"

"Haba Baba. A gaban jama'a?"

"A gaban jama'a ka shiga gaba. A gaban jama'a ya tura ka don kada a yi maka dariya. A gaban jama'ar nan kuma ka ce gudu ya yi."

Ya dubi Liman, Liman yana jan carbi. Ya dubi yaransa, suna tsugune. Sai ya miƙe ya kakkaɓe babbar rigarsa.

"Tsufa ne da zafin rashi," ya ce wa mutane, ba ni ba. "Allah ya jiƙan marigayi."

Ya saka takalmansa ya wuce. Direban ya dawo da gudu ya ɗauki gorar.

Na tashi na shiga har bakin ɗakin Saudatu na gaya mata wanda ya faɗa da wanda bai faɗa ba. Ta ce ta ji komai ta katanga. Na dawo na tsaya a ƙofar zaure na ce, "Mainasara, mun yafe maka duniya da lahira, ka koma gonarka. Hafizu, da ku da kuka tsuguna, mun yafe." Ban ƙara ko kalma ɗaya ba, kowa kuma ya ji inda na tsaya.

Da za su tafi Mainasara ya ce mini ya sa 'ya'yansa sun kwashe duwatsun tun ranar. Na tambaye shi na maƙwabtansa fa. Ya ce suna nan. Na ce wa mai garinsu abin da ya kamata ya ji, ya yi ta cewa in sha Allahu yana ja da baya har ya shiga mota.

Ranar bakwai direban Alhaji ya zo da buhunan shinkafa da jarkar mai. Na ce ya mai da su. Ranar arba'in ya sake dawowa da su, har da atamfa da kayan yarinya. A tsakani Liman ya zo mini, surukin Alhaji ya zo, har wani abokina na ƙuruciya aka turo, duk maganarsu ɗaya, wai mutum mai daraja ba zai iya tsugunawa a titi ba, in sassauta. Na ce ban ce ya tsuguna ba, ya faɗa a tsaye ma ya isa. Mainasara kuwa na ji labari yana nan yana azuminsa, yana cirar gyaɗa da baki a bushe.

Direban ya tsaya a zaure yana sosa ƙeya, kusa da keken Misbahu da na jingine a nan da tayar gabansa a lanƙwashe.

"Baba, in na koma da kayan nan faɗa zai yi mini. Me zan ce masa?"

"Ka ce masa muna da abinci. Ka ce masa abin da muke jira bai kai buhu nauyi ba, kuma ba a aiko direba da shi."

"Shi ke nan?"

"Ya san gidan. Ɗauki kayanka, ka kula kada ka taɓa mini keken."